Motar Tsere Da Littafin Uwargida

Wannan mako zan fitar da ku daga madafa da ɗakin ɗinki in kai ku gareji. Na san wata za ta ce, ina ruwan biri da gada, mu da ba mu tuƙi? To, ku yi mini haƙuri tukuna, gama ran da injin motar maigida ya buga, ba a gareji kaɗai a ke jin ƙarar ba, har cikin tukunyar miya a kan ji ta.

Ga abin da ya jawo maganar. Da hunturun da ya wuce aka yi wani biki a nan Karaye, sai wani abokin ango ya zo daga Kano cikin wata jar mota mai kujera biyu, gajeriya ƙwarai, kamar ta kwanta da ciki bisa ƙasa. In ya taka ta sai ka ji gurnani tun daga bakin kasuwa. Yara suka yi ta bin ta a guje, 'yammata kuwa ba su da wani zance sai nata. Aka gama biki, baƙi suka watse, amma jar mota ba ta tafi ba. Kwana 9 ta yi a gindin wata darbejiya, ƙura ta rufe ta, awaki suna shan inuwarta, kana aka kawo babbar mota aka ɗora ta aka koma da ita birni. Ran Litinin ina cikin aji, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ashe mota mai tsada ma tana lalacewa?" Na ce mata ta ba ni mako guda in bincika, domin ni ma a ran nan ban san abin da ya kashe ta ba.

Na je wurin wani tsohon bakanike, abokin mahaifina, wanda aka kira ya duba motar. Na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya sami motar bikin nan? Ko gudun ne ya yi mata yawa?" Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ai don gudu aka ƙera ta. Da na zaro ma'aunin baƙin mai, abin da na gani ya fi kama da kwalta. Tun da yaron ya saye ta hannu na biyu bai taɓa yi mata juye ba, bai kuma san ran da mai ita na farko ya yi ba." Watau ba wanda ya riƙe mata lissafi.

Kowace 'yar Karaye ta ga dawakin da a ke hawa ran Salla. Kun kuwa san ingarman da ya fi kowane doki sukuwa shi ne ya fi kowanne cin ɗawainiya: ga harawa da dusa a kan lokaci, ga kanwa, ga wanka, ga gyaran kofato, ga share turke safe da yamma. Jaki a kan sake shi ya yi kiwonsa a juji, ya kuma rayu. In aka yi wa ingarma riƙon jaki, kafin wata Salla ta zagayo sai ya zama abin tausayi. Haka motar tsere ta ke a cikin motoci, don haka na ga ya kyautu mu dubi yadda masu ita na ainihi su ke riƙon ta, sa'an nan mu auna da namu ƙarafan na gida.

Mu fara da Porsche, wadda a ke ƙerawa a birnin Stuttgart na Jamus. Samfurinta da ya fi suna, watau 911, an fara nuna shi ga jama'a a shekarar 1963, har yau kuwa ana yin sa. Akwai wani iri nasa, GT3, wanda injinsa ya kan juya har sau 9,000 cikin minti guda. Ku 'yan makaranta ku raba da 60, za ku sami 150. Watau kafin ki ce "ɗaya", ƙarfen da ke cikin injin ya zagaya sau 150. Motar gida kuwa in tana tafiyarta a hankali bisa kwalta, ba ta cika wuce 2,000 ko 3,000 ba. Ƙarfe yana gugar ƙarfe da irin wannan sauri, ba abin da ke tsakaninsu sai baƙin mai, wanda kaurinsa a wurin bai kai na gashin kai ba. In ya gaza ko na ɗan lokaci, sai ƙarfen ya yi zafi ya kama ɗan'uwansa. Abin da bakanikai ke nufi ke nan in sun ce inji ya buga.

Saboda haka masu ƙera ta ba su bar maganar ga ganin dama ba, sun rubuta ta cikin littafin da a ke ba mai saye. A Amurka, littafin Porsche 911 ya ce a sake baƙin mai da filtarsa bayan mil 10,000, watau kamar kilomita 16,000, ko kuwa bayan shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Man birki kuwa a sake shi kowace shekara 2, ko da motar ba ta je ko'ina ba. Kamfanin Ferrari na garin Maranello a Italiya shi ma haka: sabis bayan kilomita 20,000 ko sau ɗaya a shekara, har ya kan ɗauki nauyin wannan sabis na shekara 7 na farko ga wanda ya sayi sabuwa, don kada mai ita ya sami hujjar ƙin kawo ta. Duk ran da aka yi aikin kuwa sai a rubuta kwanan wata da yawan tafiyar da ta yi, a buga hatimi. In an zo sayar da irin motocin nan a can, mai saye ya kan fara neman littafin kafin ya dubi fenti, wadda ba ta da littafi kuwa kuɗinta ya kan faɗi ƙwarai. Jar motarmu ta gindin darbejiya ba littafi tare da ita, ko na ƙarya.

Ku lura da kalmomin nan, "duk wanda ya riga zuwa", domin nan ne mutanenmu su ka fi yin kuskure. Awo biyu ne, na tafiya da na kwanaki. Na tafiya ba wuyar ganewa: akwai lambobi a gaban direba masu ƙirga kowace kilomita. A ce ƙanenki yana jan motar haya tsakanin Rogo da Kano, tana cin kilomita 200 a yini. In bakanikensa ya ce a yi juye bayan kilomita 5,000, kamar yadda a kan yi wa tsofaffin motoci masu shan mai na talaka, to, cikin kwana 25 lokaci ya yi, wata bai ma cika ba. Amma a ce motar maigida ce, ba ta fita sai ran Juma'a ko ran ɗaurin aure, kilomita 50 a mako. Shekara guda cur ba za ta wuce 2,600 ba. Sai maigida ya ce ai ba ta yi tafiya ba, mai yana nan sabo. Ba sabo ba ne. Wadda ta taɓa ajiye man gyaɗa a buɗaɗɗen galan ta manta da shi ta san ya kan canza wari ko ba a soya kome da shi ba. Baƙin mai ma iska tana tsufar da shi. Har wa yau, in tafiyar gajeriya ce, inji bai yi zafi sosai ba aka kashe shi, sai raɓa da ɗan fetur su riƙa taruwa cikin man, su tsinka shi, su zama tsami mai cin ƙarfe a ɓoye. Motar da ke zaune a zaure tana bin awon kwanaki ne, ba na tafiya ba.

Sa'an nan akwai abin da ya fi wannan muhimmanci gare mu. Adadin nan na kilomita 16,000 da 20,000 an tsara su ne domin hanyoyin Turai da Amurka, da mai na musamman wanda a ke haɗawa a masana'anta, mai tsadar gaske. Galibin littattafan motoci suna da jadawali na biyu, na aiki mai tsanani, kuma in kin karanta sharuɗɗansa sai ki ce da mu a ke: hanyar ƙura, zafi mai yawa, kaya mai nauyi, gajeriyar tafiya, da barin inji yana aiki mota na tsaye. Kamfanin Toyota, alal misali, ya ce motar da ke bin hanyar ƙasa mai ƙura a sake mata mai bayan mil 5,000, kamar kilomita 8,000, ko wata 6, ko da a wani wurin a kan bar ta ta kai ninkin haka. To, wace hanya ce tamu? Wadda ta bi burjin ƙauyukanmu da rani, ko ta shiga Zarewa ko Beli ran da a ke lodin masara da rake, ta san da wane launi mayafinta ya ke komowa. Da hunturu hazo ya kan rufe rana, da bazara kuwa zafi ya kan haura digiri 40. Mu kullum cikin jadawali na biyu mu ke.

Ƙurar nan kuwa ba ƙazanta kaɗai ba ce, yashi ne mai laushi. Inji yana shaƙar iska kamar mutum, iskar da ya ke sha ma ta fi fetur yawa nesa ba kusa ba, don haka aka sa masa wata matata ta takarda a hanci, wadda bakanikai ke kira iyakilina. In ta toshe, mota ta kan rasa ƙarfi. In ta yage, ko yaron gareji ya cire ta ya yar don wai mota ta sha iska, sai ƙura ta shiga ta gauraya da mai, ta zama kamar tokar da mu ke goge tukunya da ita, tana cin inji daga ciki kullum. Mutanen da su ka fi kowa sanin wannan su ne masu tseren hamada. A ƙarshen shekarar 1978 aka fara tseren nan daga Faris zuwa Dakar, wanda ya kan ratsa ta Agadas a ƙasar Nijar, Porsche ta ci shi a 1984 da 1986, Peugeot kuma ta ci sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. Tun 2020 a Saudiyya a ke yin sa. A irin wannan tsere ba a jiran wata 6: in direba ya sauka da yamma ya kwanta, bakanikai su kan kwana a kan motar suna duba matatu da mai da ƙafafu, gobe kuma haka. Su ma fa motocin da su ka yi wannan tafiya sai da aka ɗaga cikinsu sama, ba irin jar motarmu ba, wadda tazararta da ƙasa ba ta fi tafin hannu ba, kowane tudun rage gudu sai ta gaishe shi da ciki.

Iyayenmu ma sun hau jinin motocin tsere ba su sani ba. Fijo 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, Fijo 504 kuma ta ci a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. In kin ga wata tsohuwar 504 har yanzu tana ɗaukar buhuna, ki tambayi mai ita, za ki tarar mutum ne wanda ba ya wasa da ranar juye.

Yanzu bari in faɗi dalilin da ya sa na kawo maganar nan filin mata, ban bar wa maza ba. Akwai wata maƙwabciyata, mijinta yana da motar haya, da ita su ke ci su ke sha. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya tashi, sai ya shiga tsimi, wurin da ya ga ya fi sauƙin tsimi kuwa shi ne juye. Fetur in ya ƙare mota tsayawa ta ke yi nan take, baƙin mai kuwa ba ya kuka. Wata ɗaya ya zama uku, uku ya zama biyar, in ya ragu sai ya sayi na kwalba a bakin hanya ya ƙara. Ran nan a kan hanyar Gwarzo inji ya buga da fasinja cike. Da aka je Ƙofar Ruwa neman wani injin, kuɗin da aka faɗa ya isa a yi juye na shekaru. Ina za a samo? Raguna biyu da ta ke kiwo domin Babbar Salla su aka fara kaiwa kasuwa, sa'an nan keken ɗinkinta, sa'an nan zubin adashinta. Ita ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma ita ta sayi inji. Ta ce mini, "Malama, da na san kwanan abin, ai da na tuna masa, kamar yadda na ke tuna masa ranar rigakafin yara."

Wannan magana tata ita ce ta tsaya mini a rai. Mu ne masu riƙe kwanaki a gida. Mu mu ka san ranar awo, da ranar zubi, da ranar da buhun masara zai ƙare. Wadda ta iya karatu da rubutu kuwa, ko 'yarta da ke aji 5, ba abin da zai hana ta sayi ɗan littafi mai shafi 20 ta ja layi huɗu: kwanan wata, lambar da ke gaban direba, aikin da aka yi, da kuɗin da aka biya. Shi ke nan littafin da masu Ferrari ke alfahari da shi, hatimi kawai ya rasa. Amma fa a yi da dabara. Namiji ba ya son a koya masa motarsa, balle a gaban mutane. Ba cewa za ki yi, "Ka ƙi yin juye" ba. Bayan ya ci abinci ya huta sai ki ce, "Maigida, na ga a littafi ran 3 ga watan jiya aka zuba mai, lamba kuma ta kusa cika, ko in fara ware wani abu daga cefane?" In kuma ana ware kaɗan kaɗan kowane mako cikin asusu, ranar ba za ta zo da nauyi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me za a rubuta ban da baƙin mai? Na ɗaya a wurina shi ne birki, domin inji in ya mutu dukiya ce ta tafi, birki kuwa rai ne. Man birki yana da wani hali, yana shan laima daga iska a hankali ko ba a buɗe shi ba. Irin wanda a ke rubuta wa DOT 4, in sabo ne ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 ko fiye, amma in ya sha ruwa kamar kashi 3 ko 4 cikin 100, yana iya tafasa tun daga wajen 155. Birki kuwa zafi ya ke yi in ana taka shi da kaya a gangare. In man ya tafasa sai ya zama tururi, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Dalilin shekara 2 ɗin nan na Porsche ke nan, kuma yawancin motoci ba su yi nisa da haka ba. Ku tambayi mazanku yaushe aka taɓa zubar da tsohon man birki aka sa sabo. Da yawa za su ce ai ƙarawa a ke yi. Wanda kuma ya ƙare masa a hanya ya zuba ruwan omo don ya ƙarasa gida, kamar yadda na ji wasu direbobi na yi, kada ki yarda ki sa 'ya'yanki a motarsa.

Taya ma tana da ranar haihuwa, a jikinta a ke rubutawa. Ki duba gefenta, bayan haruffan DOT za ki ga lambobi huɗu a ƙarshe. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In kin ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ta tsattsage da tsufa ko da zanenta bai cinye ba, zafin kwaltarmu kuwa yana gaggauta mata. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗi cewa a daina amfani da taya in ta shekara 4 daga ranar da aka yi ta. Kamfanin Michelin mai yin taya ya ce in ta kai shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, in ta kai 10 kuwa a cire ta ko yaya kyanta. Tayoyin gwanjo da a ke jibgewa a kasuwa, da yawansu sun ci rabin kwanakinsu ko fiye tun a wata ƙasa. Wannan karatun lambobi aiki ne da yarinya 'yar aji 4 za ta iya yi wa babanta tun kafin ya biya kuɗi.

Akwai kuma wata ɗamarar roba mai haƙora a cikin injin wasu motoci, taimin bel, wadda ke daidaita motsin sassansa. Ba ta ba da sanarwa, tsinkewa kawai ta ke yi, a injuna da yawa kuwa in ta tsinke ana tafiya sai ƙarafa su yi karo su lanƙwashe. Littafin kowace mota ya faɗi lokacin sake ta. A wata Ferrari mai suna F355, ta shekarun 1990, sai an sauke injin ɗungurungum kafin a kai ga wannan bel, duk da haka masu ita su kan biya a yi, don sun san abin da ke bayan ƙin yi. In maigida ya sayi mota hannu na biyu ba a san ran da aka sake nata ba, gara a sake nan da nan a buɗe mata shafi. Lagireto kuma ba a cika shi da ruwan rijiya, gama ya kan bar farin dutse a ciki irin wanda ki ke gani a gindin butar shayi, ya toshe hanyoyin ruwa. Akwai ruwansa na musamman mai launi. Kuma kada kowa ya buɗe murfinsa inji na da zafi, na san wanda ya ƙone fuska a haka.

Wajen sayen man kansa, a dubi lambar da ke jikin galan, kamar 20W-50 ko 5W-30. Ta farko tana nuna yadda ya ke gudu in inji na da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa in ya yi zafi. Tsofaffin injuna sun saba da mai kauri, amma sababbi da yawa an yi su da ƙananan hanyoyi masu son mai tsinkakke, in aka ɗura musu mai kauri don wai ƙasarmu da zafi, ya kan yi jinkirin kaiwa inda a ke bukatarsa da safe. Abin da littafin motar ya ce shi za a bi. A saya a rufe da hatiminsa, a kuma tsaya a ga an zuba, a ga an sake filta, ba a wanke tsohuwa da fetur aka mayar ba.

Wata za ta ce, mu gidanmu ba mota. To, akwai babur, ko janareto, ko injin markaɗen da ki ke sana'a da shi, ko injin ban ruwan da a ke noman rani da shi a bakin madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, da ta Kusalla. Duk 'yan uwa ɗaya ne, ƙananan ma sun fi saurin gajiya, domin man da ke cikinsu bai fi lita guda ba, wani ma bai kai ba, ga shi iska kaɗai ke sanyaya su. Su ba kilomita a ke ƙirga musu ba, in ban da babur, awoyin aiki a ke ƙirgawa. Littafin ƙananan injunan Honda, irin waɗanda a ke ɗora wa famfon ban ruwa, ya ce sabon inji a sake masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma kowace awa 100 ko wata 6, a wanke matatar iska kowace awa 50, in wurin da ƙura a yi tun kafin haka. Ki lissafa: in injin markaɗenki yana aiki awa 4 a yini, awa 100 kwana 25 ne. Yaushe rabonki da sake masa? Na tambayi mata uku a unguwarmu, ɗaya ta ce tun bikin 'yarta, 'yar kuwa yanzu tana goyo.

Ga wadda ba ta son yawan ƙirga, abin da ba ya aiki kullum a ɗaure shi da yanayi: sau ɗaya in ruwan farko ya sauka, an huta da ƙurar rani, sau ɗaya kuma in an gama kaka, hunturu na shirin shigowa. Tsakaninsu kusan wata 6 ne.

Saura abu guda, shi kuwa namu ne mata kai tsaye. Tsohon man da aka juye guba ne. Na ga ana shafa shi ga ƙazuwar awaki, na ga ana shafa wa yara a kan ƙuraje da makero, har na ji wai yana maganin kaushi. Yana ɗauke da ƙurar ƙarfe da dattin ƙonewar fetur, likitoci kuma sun tabbatar yawan taɓa fata da shi yana iya kawo ciwon daji. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a kwata, kada kuma a ajiye shi cikin kwalbar lemo inda yaro zai kai hannu. A bar shi a gareji cikin galan mai murfi.

Na koma aji na ba yarinyar nan amsarta, na kuma ba su aikin gida: kowace ta je ta karanto lambobi huɗun da ke jikin tayar motar gidansu ko ta maƙwabta, ta rubuto shekarun tayar. Cikin waɗanda aka kawo mini akwai 4112. Yarinyar da ta kawo ta lissafa da kanta a kan allo, sa'an nan ta juyo ta ce, "Malama, ashe tayar ta girme ni." A motar kuwa a ke kai su makaranta kowace safiya. Na rubuta wa mahaifinta 'yar takarda cikin ladabi, na ba ta ta kai masa. Wadda ta gwada littafin nan a gidanta, ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana yadda maigida ya karɓi maganar.